Zumuncin Kwangila: Tsokaci a Kan Yinin Fita na Ma'aikatan Kamfani

Gabatarwa

A manyan biranen duniya irin su Landan da Dubai da Legas, wata al'ada ta kafu a tsakanin kamfanoni har ta zama sana'a mai cin gashin kanta. Sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kamfani kan rufe ofis, ya kwashi ma'aikatansa ɗari biyu ko ɗari biyar, ya kai su wani otal ko bakin teku ko gandun shaƙatawa, su yini ana wasanni da jawabai da ciye-ciye. Manufar da akan faɗa ita ce a ɗinke ma'aikata su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. A wannan muƙala za mu kira wannan al'ada da sunan yinin fita, kuma za mu dube ta ne ta fuskar ɗa'a. Tambayarmu ita ce: shin ana iya shirya zumunci kamar yadda ake shirya taro? In kuwa an biya mutum albashi domin ya yi aiki, an saye fara'arsa ke nan tare da ƙarfinsa?

Asalin Al'adar

Tushe biyu ne suka haɗu suka haifi yinin fita. Na farko shi ne binciken da aka gudanar tsakanin 1924 da 1932 a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da birnin Shikago na Amurka, wanda ake dangantawa da masanin nan Elton Mayo. Darasin da manajoji suka ɗauka daga binciken shi ne, ma'aikaci ba ya motsi saboda albashi kaɗai. Dangantakarsa da abokan aiki da kuma jin cewa an damu da shi suna shafar yawan abin da yake samarwa. Tun daga nan zuciyar ma'aikaci ta shiga cikin lissafin riba.

Tushe na biyu shi ne makarantar Outward Bound da Kurt Hahn ya kafa a gaɓar tekun Wales a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin horar da matasan ma'aikatan jirgin ruwa juriya da dogaro da juna ta hanyar jefa su cikin wahalar da aka tsara. Wannan tunani ya iso ƙasarmu da wuri, domin a 1951 aka buɗe cibiyar Man O' War Bay a gaɓar tekun Kamaru, wadda magajiyarta take da sansani a duwatsun Shere kusa da Jos da kuma wani a Apapa ta Legas. Abin da kamfanonin zamani suka yi shi ne, sun ɗauki wannan horo na makonni, suka tace shi, suka cire masa haɗari, suka matse shi cikin sa'o'i takwas, sa'annan suka ƙara masa abincin rana.

Shirin Yinin a Birni Kamar Legas

Duk wanda ya taɓa leƙa yadda ake shirya irin wannan yini zai yarda cewa aiki ne ja. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka watanni kafin ranar ake kama wuri, a yi cinikin motocin safa, a ƙidaya bakuna, a buga riguna masu tambarin kamfani, a ɗauko gwanin gabatar da wasanni da mai ɗaukar hoto. Akan raba jama'a rukuni-rukuni, a gauraya akawu da injiniya da mai talla, domin waɗanda ba su taɓa gaisawa ba su san juna. Akan tsara kowane minti a takarda, har da mintocin da aka ware wa dariya.

Sai dai birni yana da nasa hukuncin. Ma'aikacin da ke zaune a Ikorodu ko Agege, wanda aka ce ya hallara a tsibirin Biktoriya da ƙarfe bakwai na safe, sai ya baro gida tun kafin asuba, ya bi ta gada ta uku mai tsawon kusan kilomita 12 wadda aka buɗe a 1990, ya yi fama da cunkoson da ya saba fama da shi kullum. In kuwa an sa yinin ranar Asabar, kamar yadda wasu kan yi don kada aiki ya tsaya, to an ɗauke masa ranar da yake wanki da ziyarar dangi da zama da 'ya'yansa. Manajan da ke zaune a Ikoyi zai iso cikin ɗan lokaci kaɗan. Tun kafin a fara wasan farko, an riga an raba nauyin yinin ba daidai ba, kuma wanda ya fi ƙaramin albashi shi ya fi biya da barcinsa.

Daɗin daɗawa, akwai batun wa aka ƙidaya. A yawancin manyan ofisoshi, masu gadi da masu shara da direbobi da wani ɓangare na masu zama a kanta ba ma'aikatan kamfani ba ne a takarda. 'Yan kwangila ne da wani kamfani ya kawo. Sau da yawa sunansu ba ya shiga jerin masu tafiya. Direban da ya tuƙo safa yakan zauna a inuwar motarsa yana jiyo amsa-kuwwa daga ciki ana shelar cewa kamfani iyali ɗaya ne. Idan muka tuna cewa mafi ƙarancin albashi da dokar ƙasa ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata, ba zai yi wuya mu gane abin da irin wannan mutum yake aunawa a ransa ba, yayin da yake kallon abin da aka kashe a yini guda.

Gayya da Yinin Fita

Bahaushe bai jahilci haɗa aiki da nishaɗi ba. A gayya, mai gona kan gayyaci samari su taya shi noma, a dafa abinci, makaɗa su zo da gangunansu, a yi ta zuga gwanaye ana gasar kai kunya bakin gona. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kowa ya san haka. Mai kallo daga nesa zai iya cewa yinin fita gayyar zamani ce kawai. Mu kuwa muna ganin akwai bambanci mai zurfi a tsakaninsu, kuma a cikin wannan bambanci amsar tambayarmu take.

A gayya, aikin gaskiya ne a gaba. Gonar tana buƙatar noma, damina ba ta jira, kuma da yamma kowa yana iya waiwayawa ya ga abin da aka yi. Nishaɗin yana tsirowa ne daga cikin gumin. Sa'annan gayya ramuwa ce: wanda ya je gonar wani yau, gobe za a zo tasa. A yinin fita an juya lamarin. Nishaɗin shi ne aikin, domin an ƙirƙiro matsalar ƙarya, kamar gina hasumiya da tsinke ko tsallake kogin da aka zana da alli, a ce mutane su warware ta tare. Ramuwa kuwa babu, domin gonar da ake fatan ta amfana guda ɗaya ce kullum, wato ta kamfani. Ashe ke nan, abin da gayya ta samu a matsayin amfanin gona, shi ne yinin fita yake son ya saya a kasuwa.

Masanin falsafar Girka, Aristotal, ya kasa abota gida uku: ta amfani, da ta jin daɗi, da ta nagarta. Biyun farko, a ganinsa, suna gushewa da zarar amfanin ko daɗin ya gushe, ta ukun ce kaɗai mai ɗorewa, kuma tana buƙatar dogon lokaci da sabo. Huldar ma'aikaci da kamfani huldar amfani ce, kuma babu abin kunya a cikin haka. Halal ce, kamar ta ɗan kasuwa da abokin cinikinsa. Illar tana shigowa ne lokacin da aka yafa wa huldar amfani rigar abotar nagarta, aka ce mata iyali. Iyali ba ya sallamar ɗansa don riba ta ragu a zangon shekara. Kamfani kuwa yana yi, kuma wani lokaci dole ce take sa shi. Wanda ya rungumi ma'aikaci a bakin teku a watan Maris, ya miƙa masa takardar sallama a watan Yuni, bai yi laifi da sallamar ba in ta bi ƙa'ida. Laifinsa yana cikin sunan da ya kira rungumar.

Wasan Dole

Masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya nuna a littafinsa na 1938 a kan wasa cewa sharaɗin farko na wasa shi ne ganin dama, kuma da zarar an yi shi bisa umarni ya tashi daga wasa. Wannan ita ce sarƙaƙiyar da ke tsakiyar yinin fita. Takardar gayyata takan ce zuwa ba tilas ba ne, amma kowa ya san akwai rajista, kuma akwai idon shugaba. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji masu iya magana, dole ya yi masa aski.

Mu ɗauki misali. A gandun kiyaye halittu na Lekki akwai gadar igiya mai tsawon mita 401 da aka rataya a saman itatuwa, wadda masu yawon buɗe ido ke sha'awa ƙwarai. Ga wanda ya je don kansa, hawanta abin alfahari ne. To amma mu ƙaddara wata dattijuwar akawu mai tsoron bisa, wadda rukuninta ba zai ci gasa ba sai kowa ya haye, ga yaran da take shugabanta suna tafa mata, ga mai hoto ya saita na'urarsa. In ta hau, ta hau da rawar jiki. In ta ƙi, an rubuta a zukata cewa ba ta da ruhin haɗin kai. Haka lamarin yake ga mai kunya da aka ce ya yi rawa, da matar aure da aka ce ta faɗa hannun abokan aiki maza don gwajin amincewa, da wanda lokacin sallarsa ya faɗo tsakiyar wasa, da wanda ba ya zama inda ake shan giya. Ba a ɗauki ko ɗaya daga cikinsu aiki don waɗannan abubuwa ba.

Masaniyar zamantakewa Arlie Hochschild ta yi nazari a 1983 a kan ma'aikatan cikin jirgin sama, ta nuna yadda murmushin da ake tilasta wa mutum ya zama wani aiki mai gajiyarwa, har ya kai mutum ya kasa bambance abin da yake ji da abin da ake biyansa ya nuna. Da ma Bahaushe yana da sunan wannan murmushi, shi ne yaƙe. Batun ya kai har gaban shari'a. A watan Nuwamba na 2022, babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Faransa ta goyi bayan wani ma'aikacin kamfanin ba da shawara a Paris, wanda aka kora a 2015, daga cikin dalilan korar har da ƙin shiga shagulgulan kamfanin da ake yawan shaye-shaye a cikinsu. Kotun ta ɗauki ƙin nasa a matsayin 'yancin bayyana ra'ayi. Ma'anar hukuncin a sauƙaƙe ita ce, ikon mai biyan albashi yana da iyaka, kuma iyakar ba ta kai ga abin da zai sa mutum dariya ba.

Hujjar Masu Shiryawa

Adalci ya wajabta mu saurari ɗaya ɓangaren. Babban birni wuri ne na kaɗaici. Mutum kan shekara biyar yana hawa bene ɗaya da wani bai san sunansa ba. Masanin halayyar ɗan Adam Robin Dunbar ya ƙiyasta cewa mutanen da mutum guda zai iya riƙe hulɗa mai ma'ana da su ba su wuce kimanin 150 ba, don haka kamfani mai mutum dubu ba zai bar sanayya ga sa'a kawai ba. Tun bayan annobar korona ta 2020, da yawa suna aiki daga gida, sun san muryar juna ta kwamfuta ba su taɓa cin abinci a faranti ɗaya ba. Zumunta a ƙafa take, kuma in ba a samar da wurin haɗuwa ba, ƙafar ba ta da inda za ta. Haƙiƙa an sha ƙulla abota ta gaskiya a cikin motar dawowa daga irin wannan fita.

Mun karɓi wannan hujja, amma a lura da abin da ta tabbatar. Ta nuna cewa kamfani yana iya shimfiɗa tabarma. Ba ta nuna cewa yana iya umartar fuska ta saki ba, alhali shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abotar da aka ƙulla a motar dawowa ta ƙullu ne a cikin sa'ar da babu wanda ya tsara, bayan an naɗe takardar shiri. Mai shiri nagari shi ne wanda ya gane haka, ya rage tsari, ya yawaita sarari.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ganin yinin fita yana halatta ta fuskar ɗa'a idan ya amsa wasu tambayoyi. Shin wanda ya ce ba zai je ba, ko ya je ya ce ba zai yi wani wasa ba, zai kwana da kwanciyar hankali game da ƙarin girmansa? Shin an ɗauki yinin daga lokacin kamfani ne ko daga lokacin iyalan ma'aikata? Shin an kira mai shara da direba su zauna a teburi, ko an bar su a bakin ƙofa? Shin abin da ƙaramin ma'aikaci ya faɗa lokacin da aka ce kowa ya buɗe cikinsa ba zai zame masa abin da-na-sani ranar Litinin ba? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya ya yi kyauta, kuma ma'aikata sukan gane kyauta in sun gan ta.

Wanda kuwa yake bin ma'aikatansa da tsawa kwana ɗari uku da sittin da huɗu, yana jinkirta haƙƙinsu, yana fifita na kusa da shi, sa'annan ya yi fatan yini guda a bakin teku ya wanke duk wannan, ya yi asarar kuɗinsa. Amincewar da ake nema da wasan igiya ana gina ta ne a ranakun da babu mai hoto: ranar da shugaba ya ɗauki laifin da yake nasa, da ranar da aka biya albashi a kan kari, da ranar da aka bar mutum ya tafi jana'izar mahaifinsa ba tare da gori ba. Inda aka tara irin waɗannan ranaku, ko a ƙarƙashin bishiya aka yi yinin fita da gurasa da ruwan sanyi zai yi armashi.