Mas'alar Wanda Ya Makara da Shuka Har Jaura Ta Sauka

Muna gode wa Allah da ya sanya wa zafi lokaci, ya sanya wa sanyi lokaci. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa. Amma bayan haka, ya kai ɗan'uwa, Allah ya datar da mu da kai, wannan magana ce a kan wanda alheri ya wuce shi a kan kari: shin ya aikata shi a makare, ko ya haƙura ya bar shi?

Ka sani a ƙasashen sanyi akwai wani fure, Turkawa suna ce masa lale, Turawa suna ce masa tulib. Asalinsa duwatsun tsakiyar Asiya, sarakunan Istanbul suka girmama shi, sa'an nan wani masanin tsirrai, Carolus Clusius, ya dasa shi a garin Leiden ta ƙasar Holan a shekarar 1593. Mutanen Istanbul sun lura cewa idan aka rubuta lale da baƙaƙen Larabci, lamun biyu ne da alifi da ha, su ne baƙaƙen Sunan Allah, kuma lissafin kowannensu 66 ne. Don haka suka yawaita zana shi a bangon masallatai.

Fasali a kan yadda ake dasa shi. Tushensa kamar albasa yake, ana binne shi a watan Oktoba ko Nuwamba tun ƙasa ba ta daskare ba, tsininsa na duban sama, zurfin ramin ninki uku na tsawonsa. Idan ka tsaga guda ɗaya a wannan lokaci za ka tarar da ɗan furen a ƙunshe a ciki, an riga an gama halittarsa. Amma ba zai fito da kyau ba sai ya sha sanyi kamar mako 12 zuwa 16 a cikin ƙasa. Kuma albasar nan ba ta ajiyuwa kamar gero a rumbu. Wadda aka bari a jaka har shekara ta zagayo, ko ta bushe ko ta ruɓe.

To, ga mutum ya sayi albasarsa, shagali ya ɗauke shi, har wata safiya ya tashi ya ga raɓa ta daskare a kan ciyawa, maƙwabta duk sun gama dashe. Ransa ya ce masa: lokaci ya wuce, ajiye sai baɗi. Masana lambu kuwa suka ce: muddin fartanya tana shiga ƙasa, binne ta, ko da a Disamba ne, ka rufe wurin da ciyawa. Domin wadda aka binne a makare tana tsakanin fita da rashin fita, wadda aka ajiye kuwa ƙarshenta sananne ne.

Haka al'amarin yake gare ka, ya ɗan'uwa. Mai furfura da bai yi karatu da ƙuruciya ba yana jin kunyar ɗaukar allo. Wanda ya riƙe bashi shekara goma yana jin nauyin zuwa ƙofar mai kuɗin. Wanda ya yanke zumunci yana cewa ai yanzu ya yi nisa. Kowannensu yana zaton ya adana niyyarsa har ranar da ta dace, alhali niyya mai rai ce kamar albasar nan, kullum tana cin guzurin da ke jikinta. Yau kunya ce ta hana shi, gobe ba zai ma ji sha'awar aikin ba, kuma wannan ita ce ruɓewar. Ka duba wannan kunya da kyau, za ka ga mafi yawanta girman kai ne ya yafa mayafin ladabi, domin tsoronta kada a ga mutum a sahun baya.

Idan ka ce: wannan magana za ta buɗe wa malalaci ƙofa, ya ce tun da na makare ma karɓaɓɓe ne, bari in jinkirta. Sai mu ce: jawabinka yana cikin lambun. Wadda aka dasa da wuri tana yin saiwa tun ƙasa na da sauran ɗumi, ta makare kuwa sau da yawa karanta gajere ne, furenta ya yi jinkiri, wata ma ba ta fita. Sa'an nan akwai daren da ƙasa za ta ƙage kamar dutse, kuma babu mai aiko wa manomi da takardar wannan dare. Mai bashin da kake shirin biya yana iya rasuwa, idon da za ka yi karatu da shi yana iya dushewa. Saboda haka rangwamen na wanda ya riga ya makara ne. Wanda ya makara da gangan don ya ji akwai rangwame, ya yi caca da abin da ba a hannunsa yake ba.

Fasali a kan abin da ake tonewa. Akwai wani fure kuma, daliya, asalinsa ƙasar Meksiko, tushensa kamar dankali. Sanyin da ke raya lale shi ke kashe shi. Idan jaurar farko ta baƙanta ganyensa, a inda ƙasa ke daskarewa sai a tone shi, a shanya, a ajiye a wuri mai sanyi-sanyi da ƙanƙara ba ta kai, ana dubawa lokaci lokaci: in laima ta yi yawa ya ruɓe, in bushewa ta yi yawa ya yanƙwane. Ka ga mai lambu a yini guda yana binne wani yana tone wani, kuma duka biyun daidai ne.

Tanbihi. Kada ka ce duk wahala tarbiyya ce, ka jefa kowa cikinta. Kai da ka san laifinka, fita cikin sanyin kunya ka gyara, shi zai fito da abin da aka ƙunsa a cikinka. Amma sabon mai tuba da zuciyarsa ke da taushi, da yaro, da wanda baƙin ciki ya raunana, waɗannan a tausasa musu, a nisanta su daga majalisar da za ta karya su, a riƙa duba halinsu har ƙarfinsu ya dawo. Kuskuren mafi yawanmu shi ne mu killace ranmu a ɗaki kamar daliya, mu bar raunana a waje kamar lale.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin ka kwanta yau ka ƙidaya abin da ke cikin jakarka. Wanda na binnewa ne, fita da shi da safe ko da hannunka zai yi sanyi, ka je ƙofar mai bashin, ka yi sallama a gidan ɗan'uwan, ka durƙusa gaban malamin. Fitar furen ba aikinka ba ne, yana hannun Mai fitar da shi. Allah ya sa mu farka tun ƙasa tana tonuwa, ya karɓi na farkonmu da na makarenmu. Amin. Allah ne mafi sani. Tamat.