Wa Ke da Alhakin Ƙidayar Itatuwan Gundumi?

Hausawa na cewa, "Ido, wa ka raina?" Ya ce, "Wanda nake gani yau da gobe." Wannan karin magana ita ce tushen tambayar da nake so mu tattauna, watau: shin wajibi ne a kan al'umma ta riƙa bin diddigin lafiyar dajinta shekara da shekaru, ko kuwa wannan aikin ƙosassu ne, wanda bai kamaci mutanen da ke ta ransu ba? Zan ɗauki misali daga gabashin Sakkwato, wajajen Sabon Birni da Isa, da kuma dajin Gundumi da ke maƙwabtaka da su.

Gundumi daji ne mai suna a tarihi. A shekarar 1853 matafiyin nan Bajamushe, Dokta Barth, ya ratsa shi a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ayarinsu ya yi awa 26 yana tafiya ba a ya da zango ba, saboda ƙarancin ruwa da tsoron maharan Gobir. To, daga wancan zamani zuwa yau, ƙirya nawa ta tafi gawayi? Marke nawa ya bushe a farin 1973 da na 1984? Wa zai tashi a cikinmu ya ba da amsa da alƙaluma?

Dalilin wuyar amsar shi ne, daji ba ya mutuwa dare ɗaya. Bana a sare kuka guda, baɗi awaki su cinye 'yan tsiron da za su gaje ta. Yaron da aka haifa bayan haka sai ya buɗe ido ya ga sabara da kalgo, ya ɗauka haka Allah ya halicci wurin. Shi ma jikansa ya tarar da fako, ya ce ai dama can fako ne. Kowane zamani yana auna asara da abin da ya tarar, saboda haka a ƙarshe an yi asara babba, amma ba wanda ya ji an zalunce shi, ba kuma wanda ya ji ya yi laifi.

Maganin wannan mantuwa shi ne shaida rubutacciya. Masana daji sukan keɓe fili, su sa wa kowane ice lamba, su auna kaurinsa daidai ƙirjin mutum, su rubuta irinsa. Bayan shekara biyar a komo a sake aunawa, a ga wanda ya girma, da wanda ya mutu, da yawan ƙananan da suka tsiro. Idan manyan itatuwa suna tsaye amma babu ƙanana a ƙarƙashinsu, to dajin ya zama garin tsofaffi, ko da kuwa daga nesa ya yi kore shar. Abin lura a nan shi ne, wanda ya fara littafin ba lalle ya ga amfaninsa ba. Yana rubutu ne domin wanda ba a haifa ba tukuna, kuma wannan ita ce ma'anar amana: ka tsare abin da ba kai za ka ci moriyarsa ba.

Kada mai karatu ya zaci ƙidaya labarin baƙin ciki kaɗai take kawowa. Mu ƙetara iyaka daga Sabon Birni zuwa ƙasar Maraɗi, inda 'yan'uwanmu Gobirawa da Katsinawa suke. Tun daga wajen 1983 manoma a can suka kama abin da ake kira sassaben zamani, watau idan kututture ya toho a gona sai a bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a datse sauran. An daɗe ana yi duniya ba ta san girman aikin ba, sai da masana irin su Gray Tappan da Chris Reij suka gwada hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam na bayan shekarar 2000. A nan aka ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200, galibi gawo da ire-irensa, sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Da ba a adana hoton 1975 ba, da me za a auna ƙoƙarin talaka?

Na san wani zai ce, "Malam, ana ta kai wa ke ta kaya? A Disambar 2021 an ƙona matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni, ƙauyuka sun watse, kai kuwa kana zancen auna itace?" Wannan magana tana da nauyi, kuma ran mutum guda ya fi dajin duka. Ba mai hankalin da zai tura malamin daji da igiyar awo cikin bakin bindiga. Amma a duba da kyau: dajin da hukuma ta san hanyoyinsa da mashayansa da burtalinsa, take aika ma'aikata a kai a kai, ya fi wuyar zama mafakar ɓarayi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, haka ma daji. Bugu da ƙari, ƙarancin makiyaya da toshe burtali suna cikin abubuwan da suka rura wutar rikicin manoma da makiyaya tun farko. Ashe kula da daji yana cikin kula da rai.

Daga ƙarshe, me ya rage wa ɗalibi, tun da shiga dajin ba ta yiwuwa yanzu? Akwai tsofaffin maharba da makiyaya da masu magani waɗanda rikici ya koro cikin gari, kuma kowannensu ya san inda ɗorawa take da inda kaɗanya ta ƙare. Mu ɗaliban Hausa aikinmu ne mu zauna da su, mu rubuta sunayen itatuwa da na wurare da shekarun da abin ya canja, tun kafin ƙasa ta rufe idonsu. Ranar da zaman lafiya ya dawo Gobir, masu gyara za su bukaci sanin yadda dajin yake a da. Idan suka tambaya ba su sami kome a rubuce ba, alhakin yana wuyan waɗanda suka iya alƙalami suka yi shiru.