Alherin Allah da Ƙaunar Wanda Ya Cuce Mu

Akwai tambayar da kan taso a ajin masu shirin baftisma: in alherin Allah kyauta ne, ba a sayensa da aiki, to me ya rage mana mu yi? Tambayar ta daɗe. A farkon ƙarni na 5, wani malami mai suna Pelagiyus ya koyar cewa mutum zai iya kiyaye dokar Allah da ƙarfin nufinsa. Waliyyi Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ƙi wannan koyarwa, majalisar bishop-bishop da ta zauna a Kartaj a shekarar 418 kuma ta yi watsi da ita. Allah ne ke fara ƙaunarmu. Tamu ƙaunar amsa ce. Amma ruwan sama bai taɓa hana manomi ɗaukar fartanya ba.

Inda ake gane alheri shi ne wurin da ƙarfinmu ya ƙare, wato gaban wanda ya cuce mu. Mu dubi Waliyyiya Josefin Bakhita, 'yar Darfur ta ƙasar Sudan. Masu fataucin bayi sun sace ta tana ƙaramar yarinya, tsoro ya sa ta manta sunanta na yanka. Su ne suka raɗa mata Bakhita, wato mai sa'a. An sayar da ita sau da dama, an tsaga jikinta da wuƙa, aka cusa gishiri a raunukan. A 1885 aka kai ta Italiya, aka yi mata baftisma a 1890, daga baya ta zama sista. Fiye da shekara 40 ta yi a garin Schio tana girki, tana tsaron ƙofa, har rasuwarta a 1947. Ta shaida wa masu tambayarta cewa ta yafe wa waɗanda suka azabtar da ita, tana kuma yi musu addu'a. Wane ɗan Adam ne zai iya haka da ƙarfin kansa?

Wani zai ce: ashe gafara ba ta ba azzalumi ƙofa? Mu lura da abin da Bakhita ta yi a 1889. Da uwargijiyarta ta so mayar da ita Sudan, sai ta ƙi, har hukuma ta tabbatar cewa ita 'ya ce, ba baiwa ba. Ta yafe, amma ba ta koma cikin sarƙa ba. Kirista yana da damar neman haƙƙinsa a gaban shari'a. Abin da aka hana shi shi ne ramuwa da ƙiyayya.

A cikinmu akwai waɗanda rikici ya cinye musu gida, akwai gwauruwar da dangin miji suka ƙwace mata gona. Ban ce raunin ƙarami ne ba. Amma kowace Misa muna roƙon Uba ya gafarta mana gwargwadon yadda muke gafarta wa wasu, sa'an nan mu matso mu karɓi Jikin Almasihu. In zuciyarka ba ta iya yafewa yau, faɗa wa Allah gaskiya, ka roƙi alherin da zai sa ka so yafewa. Ambaci sunan mutumin a addu'arka ta dare. In kun haɗu a hanya, gaishe shi. Naka aikin ke nan. Sauran na Ruhu Mai Tsarki ne.

Waliyyiya Josefin Bakhita, wadda Ikkilisiya ke tunawa kowace 8 ga Fabrairu, ki yi addu'a dominmu. Amin.