Gasar Karta da Amanar Ƴaƴan Mutane

 

Ƴan'uwa Musulmi, belot, wasan kartar Faransawa mai kati 32 wanda ake yi biyu da biyu, ya daɗe da zama ɗan gida a fadojin samari na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Idan lakwal ta yi hutu kuwa, akan sami wani babba ya tara yara ya shirya musu gasa, da niyyar raba su da yawon banza. Niyyar ba ta da laifi. Sai dai wanda ya tara ƴaƴan mutane ya ɗauki amana, kuma kyawun niyya ba ya sauke ta.

Mu fara da hukuncin wasan kansa, ba tare da kwana-kwana ba. Hadisi ya zo cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da hani ga nardu, wasan da ake jefa ɗan ƙashi mai ɗigo-ɗigo irin na lido. Ibnu Abi Zaid, cikin Risala wadda kowane almajirin ƙasar nan ya sani, ya hana nardu da shaɗaranji duka biyu, ya karhanta zama wurin masu yi da kallonsu, amma bai hana yi musu sallama ba. Imamu Shafi'i ya sassauta kan shaɗaranji, ya tsaya ga karhanci, domin tunani ne ke tafiyar da shi, ba sa'a ba. To, ina karta ta faɗa? Rabon kati sa'a ce tsagwaro, sarrafa shi kuwa basira ce. Saboda haka malaman wannan zamani suka saɓa: wasu suka riskar da ita ga nardu suka hana, wasu suka yi rangwame idan babu kuɗi, babu tauye wajibi. Mu dai mun fi son a koya wa yaro dara ko langa ko kokowa. Amma yaran suna kan tabarmar tun kafin mu yi magana, kuma limamin da ya ce haram ya naɗe rawaninsa ya wuce bai tsamo ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne kuɗi, kuma nan ne masu shirya gasa suka fi zamewa ba su sani ba. A ce yara 32 kowa ya zuba dala ɗari na shiga, an tara jikka 16. Aka buga, biyu suka kwashe, 30 suka koma gida hannu wofi. Ko an kira shi kuɗin rajista, ko an saye kofi da shi an lulluɓe da takarda mai ƙyalli, kowane yaro ya sa dukiyarsa tsakanin ci da hasara, kuma wannan ita ce caca wadda Allah Ya haɗa ta da giya cikin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Ku dubi tsantsenin magabata. Ko a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibau, inda Shari'a ta halatta kyauta, Malik ya ce mutum guda ne zai fitar da ita: in wani ya ci ya ɗauka, in shi mai fitarwa ne ya ci, sai ta koma ga mai bi masa. Wato ba a yarda kowa ya zuba domin ya ci na ɗan'uwansa ba. Idan haka aka tsananta a kan doki, wanda ake tanadi domin kare al'umma, ina ga kwali mai zane? Yaron da ya ɗanɗani zaƙin mayar da dala ɗari jikka takwas yana ɗan shekara 12, wa zai hana shi layin tikitin PMU idan ya girma, ko cacar ƙwallo wadda yau take cikin salular da ke aljihunsa?

Aya ta 91 ta faɗi abin da Shaiɗan ke nema ta wannan hanya: ƙiyayya tsakanin mutane, da kange su daga ambaton Allah da salla. Wannan ma'auni ne ko da babu ko tamma a kan tabarma. Gasar da ake kiran magariba ana cewa bari a ƙare wannan zagaye ta riga ta faɗi jarrabawa.

Akwai kuma maguɗi, wanda muke ganin ya fi komai saurin ɓata yaro domin ana yi masa dariya ana kiransa wayo. Abokan wasa suna ƙifta ido, suna sosa kunne, babba yana kallo yana murmushi. A nan, abin da ya faru ga masu wasan birij na ƙasashen Turai da Amurka ya isa ishara. Shi ma wasan mutum huɗu ne, da kati 52, kuma Hukumar Olimfik ta Duniya ta amince da ƙungiyarsu a 1999. Sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen rage sa'a: rabon kati guda ake bugawa a tebura dabam-dabam, sa'an nan a gwada wanda ya fi iya sarrafa shi. Sun kafa allo a tsakiyar tebur domin kada abokin wasa ya ga fuskar abokinsa. Duk da haka, a gasar duniya ta 1975 a Bermuda aka zargi wasu ƴan Italiya biyu da taɓa ƙafar juna a ƙarƙashin tebur, har aka toshe ƙasan ma. A 2015 aka sake zargin wasu gwanayen duniya da yi wa juna ishara ta yadda suke ajiye kati, a tsaye ko a gicciye. Allo ya tsare ido bai tsare zuciya ba. Mai koyar da yara, in ya kama ishara, ya tsai da wasa nan take ya soke cin, ko da ɗan cikinsa ne.

Sauran magana mai nauyi ce, kuma kunya kan hana mu faɗinta a masallaci, alhali rashin faɗinta ya fi muni. Ba kowane babba mai son tara yara ne ke son su domin Allah ba. A Amurka, bayan da ta bayyana cewa wani likitan ƴan wasan motsa jiki ya shekara da shekaru yana lalata da ƴan mata da aka damƙa masa, an sa hannu kan doka a 2018 wadda ta tilasta wa ƙungiyoyin wasanni taƙaita keɓewar babba da yaro, da kai rahoton duk wani zargi ga hukuma. Mu da muka gaji hani ga keɓewa da toshe ƙofar ɓarna tun daga littattafan farko, bai kamata a riga mu ba. Gasa ta kasance a fili, da rana, inda mai wucewa ke gani. Manya biyu aƙalla su zauna, waɗanda unguwa ta san su. Kada a ce yaro ya biyo malam ɗaki domin ƙarin horo, kada a kai shi wani gari ba da izinin mahaifinsa ba. Kada kuma a cakuɗa ɗan shekara 10 da ƙattin fada, inda taba ke yawo, wani lokaci har da tramol.

Uba yana da haƙƙin ya je da ƙafarsa ya tambaya: wa ya fitar da kyautar, su wa ke zama da yaran, ƙarfe nawa ake tashi? Yaro kuma a gaya masa tun daga gida cewa in wani abu ya dame shi a can ya faɗa, ba za a doke shi ba, ba za a ce ya yi wa babba ƙarya ba kafin a bincika.