Mai Jita da Ba a San Sunansa Ba

A shekara ta 1964, a birnin Ditiroyit na Amurka, ƙungiyar mawaƙa ta Temptations ta rera waƙar "My Girl" a kamfanin Motown. Kafin murya ta shiga, ana jin jita tana hawa da sauti shida, tana maimaita su. Mutane da yawa a duniya sun san wannan kiɗa, amma kaɗan ne suka san wanda ya kaɗa shi. Sunansa Robert White. Shi da abokan aikinsa Joe Messina da Eddie Willis sukan raba kiɗa a tsakaninsu, kowa ya kama nasa, ya bar wa mawaƙi fili. Kamfanin bai fara rubuta sunayen makaɗansa a kan faifai ba sai 1971. White ya rasu a 1994.

To, mutumin da ya ɓoye gwanintarsa domin waƙa ta fita, ya yi hasara ne?

Bai yi hasara ba, gama waƙar ya zo yi wa hidima. Gwanin da ya iya gudu da yatsu amma ya kame hannunsa ya fi wanda ya zuba dukan abin da ya sani, ya danne kalmomin. Haka yake a cikin sujada. Idan jama'a suka fita suna zancen mai jita, sun manta abin da suka rera, kiɗan ya ɓata aikinsa. Yahaya Maibaftisma ya kwatanta kansa da abokin ango, ya kuwa yi murna da taro ya bar shi ya bi Almasihu (Yahaya 3:29-30).

Amma tawali'un makaɗi bai wanke wanda ya ɓoye sunansa ba. Hausawa sukan ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manzo Bulus ya koyar cewa gaɓoɓin jiki da ake gani kamar marasa daraja, su ya kamata a fi girmamawa (1 Korantiyawa 12:22-24).

Saboda haka nawaya biyu ce. Mai jita kada ya nemi a gan shi. Ikkilisiya kuwa, wadda ta saba gode wa mai wa'azi da shugaban mawaƙa, wajibi ne ta san sunan saurayin da yake zaune a baya kowace Lahadi, ta gode masa, ta kuma saya masa tsirkiya idan tasa ta tsinke.