Gidan Gado: Wa Ya Sayar Maka?

Ya kai ɗan'uwa Musulmi, Allah ya buɗa maka, ka ce kai sai cikin birnin Kano, sai Yakasai ko Koki ko Mandawari, inda kowa ya san kakan kowa. Madalla, babu laifi. Amma ka sani, da yawa daga gidajen cikin ganuwa na gado ne, wani tun rasuwar kaka ba a raba ba. Dillali zai kai ka wurin babban wa, ya ce ai shi ne mai gida. To, wa ya ba shi?

Allah da kansa ya yanka rabo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Matar mamaci tana da sumuni in akwai ɗa, rubu'i in babu. 'Ya mace tana da rabin na ɗan'uwanta. Sai al'ada ta zo ta ce wai ai tana ɗakin miji, me za ta yi da soro? Wannan jahiliyya ce tsantsa. Gobe in aurenta ya mutu, ta ɗauko kayanta ta taho gidan ubanta, kai za ta tarar ka rushe zaure ka ɗora bene.

Za ka ce, "Ni da kuɗina na saya, ga hatimin mai unguwa, ga shaidu." Haba malam! Hatimi ba ya halatta haram. Mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba. In kuwa akwai maraya a ciki, aya ta 10 ta kira cin dukiyarsa cin wuta, kuma kuɗinka ne ya hura ta.

Sannan akwai shuf'a. A mazhabar Imam Malik, in magaji ɗaya ya sayar da rabonsa kafin a raba, abokin gadonsa yana da ikon mayar maka da kuɗinka ya karɓe, har shekara guda in yana gari kuma ya sani.

Saboda haka kafin ka ba da kafin alƙalami, zauna da tsofaffin lungun su lissafa maka 'ya'yan mamaci, har waɗanda suka rasu suka bar na baya. Ka ji daga bakin kowace mace, ba a gaban yayanta ba, don shirun kunya ba yarda ba ne. Wadda ke aure a Zariya a aika mata. Rabon maraya kuma a kai shi gaban alƙali.