Shin Hali Zanen Dutse Ne?

'Yan'uwa, kakanninmu sun bar mana karin magana guda biyu game da tarbiyya. Na farko ya ce hali zanen dutse ne. Na biyu kuwa ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dukansu biyu akwai hikima a ciki, amma sun bar mu da tambaya mai nauyi: yaron da ƙuruciyarsa ta wuce cikin tsoro da gudun hijira, shi ke nan ya lalace har abada?

Wannan tambaya ta shafe mu ƙwarai. Tun wajen 2011 ne ta'asar 'yan bindiga ta fara addabar Jihar Zamfara, har ta kai ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda. A watan Fabrairu na 2021 an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, kuma a watan Satumba na wannan shekara gwamnati ta rufe makarantun jihar. Yaron da aka haifa a Gurbin Bore cikin waɗannan shekaru ya san ƙarar bindiga kafin ya san baƙaƙen karatu. Wane irin mutum zai zama?

Masana ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan batu. Sigmund Freud, likitan birnin Biyana da ya rasu a 1939, ya koyar da cewa tushen halin mutum yana kafuwa ne a shekaru biyar ko shida na farko. John Bowlby na Ingila, a rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951 kan yaran da suka rasa gidajensu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya nuna cewa jariri yana bukatar shaƙuwa da mai renonsa kamar yadda yake bukatar abinci. Albert Bandura kuma, a 1961, ya sa yara suka kalli babban mutum yana dukan wani mutum-mutumin roba. Da aka bar su da shi, da yawansu suka kwaikwayi dukan. Ashe yaro yana koyo da ido fiye da kunne. Wannan abin tsoro ne idan mai bindiga shi ne mutumin da yaro ya ga kowa yana shakka.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu fid da rai. Amma Erik Erikson, a 1950, ya raba rayuwar mutum hawa takwas, daga goyo har tsufa, kowane hawa da nasa gwaji. Jariri yana koyon amincewa da mutane ko rashin amincewa. Matashi yana neman ya san ko shi wane ne. A ganinsa, abin da ya gurɓace a hawa ɗaya ana iya gyara shi a hawa na gaba. Emmy Werner ta bi diddigin yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Amurka har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya bisa uku sun zama mutanen kirki masu riƙe kansu. Abin da ya fi haɗa su shi ne kowannensu ya sami aƙalla babba guda ɗaya da ya tsaya masa: kaka, ko ƴa, ko maƙwabci, ko malami.

A nan al'adarmu tana da arziki. Nazarin da Robert Marvin da abokan aikinsa suka wallafa a 1977 kan jariran Hausawa ya nuna cewa jariri ɗaya yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu a gida, ba uwa kaɗai ba. Goyo, da kai yaro wurin kaka lokacin yaye, da riƙon ɗan ɗan'uwa, duk garkuwa ne. Babbar ɓarnar gudun hijira ita ce takan wargaza wannan garkuwa, ta bar uwa ita kaɗai da 'ya'ya biyar a baƙon gari.

To, me za mu ce game da yaro ɗan shekara goma sha uku da aka ja shi daji aka ba shi bindiga? Ba za mu ce ba shi da alhaki ko kaɗan ba, domin wanda aka kashe wa uba yana da haƙƙin a yi masa adalci, kuma cire wa mutum alhakin aikinsa cire masa mutunci ne. Haka nan ba za mu ce an halicce shi mugu ba, gama mun san hannun da ya tanƙwara shi. Ana auna alhaki da gwargwadon sani da 'yancin da mutum yake da shi. Ragowar alhakin kuwa yana wuyan manya: waɗanda suka ja shi, da mu da muka ga yana gararamba muka kau da kai.

Saboda haka kada mu yi saurin kiran yaro ɗan iska ko mara ji. Yaron da ke fitsarin kwance bayan hari, ko wanda ya daina magana, ko mai yawan faɗa a aji, sau da yawa tsoro ne ke cinsa, bulala kuwa ƙara masa take yi. Yana bukatar abinci a kan lokaci, da wurin kwana sananne, da makaranta, da babba mai cika masa alkawari. Kowane gida cikinmu zai iya duba maƙwabtansa, ko wane ne addininsu ko yarensu, ya ɗauki yaro ɗaya ya zame masa wannan babba.

Masana sun nuna mana cewa ƙuruciya tana barin tabo mai zurfi, sun kuma nuna cewa mutum yana iya sāke hali muddin yana numfashi. Allah ya ba mu zuciyar riƙon 'ya'yan da ba mu haifa ba, ya kuma maido da salama a ƙasarmu. Amin.